Gargaɗi ga masu neman gida: ku yi hattara da gidan gadon da ba a raba ba

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, domin wanda abin ya faɗa wa kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, mutum mai kawaici da ba ya son a ji kansa a waje. Shi da bakinsa ya ce in rubuta, da sharaɗin kada in ambaci sunan kowa. Ya ce mini, "Ɗana, ni dai tawa ta riga ta faru, amma kada a ci wani da irin abin da aka ci ni."

Kawu ya yi shekara 35 yana aikin gwamnati a Kano, duk a gidan haya. Da kuɗin sallamarsa suka fito, ya haɗa da kuɗin gonar da ya sayar a ƙauye, ya shiga neman inda zai ajiye iyalinsa. Wani dillali da suke haɗuwa a masallaci ya kawo masa labarin gida mai ɗaki huɗu da shago biyu a waje, a unguwar da kowa ke sha'awa, kuma da kuɗin da bai kai na maƙwabtansa ba. Da Kawu ya tambayi dalilin arahar, amsa tana nan a shirye: mai gidan ya rasu, matarsa ba ta da lafiya, ana so a fitar da ita Masar, 'ya'yan sun haɗu sun wakilta babban wansu ya sayar.

Aka haɗa shi da babban wan. Mutum kamili a ido, da gemunsa da carbinsa, ba ya kiran Kawu sai da "Baba". Ya fito da takardar shaidar mallaka ta ainihi, ba kwafi ba, mai ɗauke da sunan mahaifinsa. Ya zo da mutum biyu, ya ce ɗaya ƙanin mahaifinsa ne, ɗaya ƙaninsa. Sai ya roƙi alfarma guda, wadda ita ce gadar zaren gaba ɗaya. Ya ce, "Baba, don Allah a rufa mana asiri. Abin kunya ne a ji a unguwa muna sayar da gidan mahaifinmu. Kada a je wa maƙwabta da maganar, kada a tara jama'a wurin mai unguwa, in an gama komai mu da kanmu za mu kai ka." Dillali kuma yana gefe yana zuga, wai akwai wani Alhaji daga Abuja da zai zo da kuɗinsa ranar Juma'a.

Kawu mutum ne da ya san darajar rufin asiri, sai ya ga ai taimako ma zai yi. Ya ba da kafin alƙalami a ranar. Cikin kwana huɗu ya cika sauran, wani ta banki, kaso mai yawa kuma a hannu, saboda an ce masa canji za a yi da gaggawa. Aka rubuta takarda, babban wa ya sa hannu "a madadin magada", shaidunsa biyu suka sa nasu, dillali ya karɓi la'adarsa.

Sati biyu bayan haka Kawu yana tsaye a kan masu fenti, sai ga wata mata ta sauko daga adaidaita sahu tana salati. 'Yar mai gidan ce, wata maƙwabciya ce ta buga mata waya. Ba ta san an sa gidan a kasuwa ba, haka 'yan uwanta mata biyu, haka ƙaramin ƙaninsu da bai balaga ba. Mahaifiyarsu lafiyarta ƙalau, tana zaune a gidan ɗaya daga cikin 'ya'yan tun da ta fita takaba. Mutanen nan biyu da aka kawo shaida ba su haɗa jini da gidan ba ko ta ina. Takardar kuwa daga akwatin marigayi aka ɗauke ta.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, a wannan damfara babu takardar bogi ko ɗaya. Mun saba jin a yi hattara da jabun takardu, har muka ɗauka in takarda ta tabbata ta gaskiya ce to magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Takarda tana faɗa maka wanda gwamnati ta sani da wurin ne, ba ta ce wanda ya miƙo maka ita yana da ikon sayarwa ba. In sunan da ke kanta na mamaci ne, to tun daga ranar da ya cika gidan ya zama na mutane da yawa, kuma kowannensu yana da haƙƙi a kowane taku na cikinsa har sai an raba.

Ga lissafin gidan nan, don a ga girman ramin. Marigayin ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mata uku, iyayensa kuma sun riga shi. Matar tana da tumuni, wato ɗaya cikin takwas. Sauran bakwai ɗin na 'ya'ya ne, namiji yana ɗaukar rabon mace biyu: kowace 'ya kaso ɗaya, kowane ɗa kaso biyu. Ke nan wanda ya karɓi kuɗin gida sukutum, biyu cikin takwas kaɗai ya mallaka, rubu'in gida. Wannan ma sai bayan an fitar da bashin da ake bin mamaci da wasiyyar da ya bari, domin su ne a gaban gado.

A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'armu ke aiki da shi, wanda ya sayar da kayan wani ba da izininsa ba, cinikin a rataye yake, sai mai kayan ya amince. In ya ce bai yarda ba, ya warware. Rubu'in nan nasa ma bai tsira ba, saboda akwai shuf'a: abokan tarayya a gidan da ba a raba ba suna da damar su biya baƙon da ya shigo abin da ya bayar a kan wannan kason, su karɓe shi. Rabon maraya kuwa da bai balaga ba, zama babban wa ba ya ba mutum ikon taɓa shi. Sai wasiyyin da uba ya naɗa, in babu sai alƙali. Duk wannan a zauren kotu Kawu ya fara jin sa, bayan kuɗi sun bar hannunsa.

Kuma ba na jin babban wan nan shi kaɗai ya ƙirƙiro dabarar. Dillalin ya san gidan, ya san matan, ya san tsohuwar tana raye lafiya. Ba ina yi wa dillalai kuɗin goro ba ne, akwai masu tsoron Allah da za su ce maka "wannan wurin akwai magana a kansa, bar shi", ko da za su rasa la'ada. Amma la'ada ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, don haka kada ka mai da dillali mai bincikenka. Aikinsa ya nuna maka gida, bincike naka ne.

Tambayar farko da za ka yi, tun kafin ka taya, ita ce: mai sunan da ke kan takardar nan yana raye? In yana raye, a kai ka wurinsa ku gaisa, ido da ido, ka ji daga bakinsa. In an ce ya yi tafiya ya bar wakili, nemi lambarsa ta wata hanya dabam, ba wadda wakilin ya ba ka ba. Takardar wakilcin da mutum ya bayar yana raye kuma, a ƙa'ida mutuwarsa tana kashe ta, kada a nuna maka ita a ce da ita ake sayarwa.

In ya rasu, to sai an kawo takardar rabon gado daga kotu, wadda ta lissafa magada da sunayensu, ta faɗi wanda gidan ya faɗa wa, ko ta ba da izinin a sayar a raba kuɗin. Ka ɗauki kwafinta ka je kotun da kanka, ka tambayi magatakarda ko daga nan ta fito. In a gida aka yi rabon da malamai, babu laifi, amma ka ga kowane magaji, musamman mata. Na ce musamman mata ne don su aka fi dannewa a irin wannan. Ana ganin suna gidajen aure, wata ma a wani gari, kafin labari ya kai musu an cinye kuɗin. Ka tura matarka ko yayarka ta shiga ta ji daga bakin tsohuwa da 'ya'yanta, kowacce ta sa hannu ko ta dangwala yatsa da kanta. Kalmar nan "a madadin magada" ita ta cinye wa Kawu wahalar shekara 35.

Sannan ka yi ainihin abin da aka roƙi Kawu kada ya yi. Ka koma unguwar kai kaɗai, ba tare da dillali ba. Ka yi La'asar a masallacin layin, ka gaisa da liman, ka zauna wurin mai shayi ko mai kanti, ka ce ka ji ana sayar da gidan wane. Matambayi ba ya ɓata. A unguwanninmu babu gidan da rigimarsa take ɓoyuwa ga maƙwabta. Da Kawu ya ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya kacal, da an gaya masa Hajiya jiya ma ta zo suna a layin. Ka je wurin mai unguwa kafin biya, ba bayan biya ba. Shi ya san wanda ya rasu, da 'ya'yan da ya bari, da ko an taɓa kawo ƙara a kan wurin. Duk mai sayarwar da ya hana ka zuwa waɗannan wurare da sunan kunya, ka ce masa Allah ya kawo wani mai saye. Mai kunyar gaskiya zai ce a yi a hankali, ba zai ce kada a tambaya ba.

Binciken ofishin filaye shi ma wajibi ne, ko da yake shi kaɗai da bai ceci Kawu ba. A Kano akwai KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS. Ana biyan kuɗin bincike a duba fayil, a ga sunan wa ke ciki, ko an jinginar da gidan a banki, ko an soke takardar, ko wani ya shigar da ƙorafi. Ka ɗauki lauyanka na kanka, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. Mutane suna ƙyashin kuɗin lauya a cinikin miliyoyi, alhali abin da zai karɓa bai kai kuɗin fentin da Kawu ya shafa wa gidan mutane ba. Kuma Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ce wurin da ke da takardar gwamna ba a mayar da shi hannun wani sai da amincewar gwamna, in ba haka ba cinikin bai tsaya a gaban doka ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka tun 1989 a shari'ar Savannah Bank da Ajilo. Don haka duk wanda ya sayi gida ya ajiye takarda a ƙarƙashin katifa da sunan tsohon mai shi, ya sani bai gama saye ba.

Maganar biya kuwa gajeriya ce. Ta banki, zuwa asusun wanda sunansa ke kan takardar kotu, a rubuta dalilin turawar. Kada a ba dillali, kada a ba "yaron Alhaji". Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba. Abin da Kawu ya tura ta banki shi kaɗai mutumin ya kasa musantawa. Na hannun kuwa sai da aka kai ga rantsuwa, domin shaidun nasa ne, kuma sun yi layar zana. Ka zo da shaidunka, mutanen da ka san gidajensu. Ka riƙe wani kaso na kuɗin har sai an ba ka makulli, 'yan haya in akwai sun san kai ne sabon mai gida.

Ina da magana da mu magada ma, domin ƙofar ɓarnar daga gidajenmu take buɗewa. Uba ya rasu, a ce ba za a raba gado ba don kada zumunci ya lalace, a bar komai a hannun babban wa shekara goma, shi ke karɓar haya, shi ke riƙe da takardu, har ya fara ganin nasa ne. Mata suna jin nauyin tambaya. Wannan jinkirin shi ke lalata zumuncin da ake cewa ana tsarewa. A raba da wuri, a rubuta, kowa ya san nasa, in ma an ga dama a ci gaba da zama tare. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗin cewa wanda ya ci taki ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi daga ƙassai bakwai ranar alƙiyama, balle gidan marayu ɗungurungum. Wanda kuma zai sayar da gidansa na halak, kada ya saki takardar ainihi a hannun dillali, kwafi ya isa a nuna wa mai saye har ranar biya.

Kotu ta warware cinikin, gida ya koma ga masu shi, kuma Kawu bai yi jayayya ba, ya ce ba zai kwana a haƙƙin maraya ba ko da an bar masa. Babban wan ya kwana biyu a tsare, dangi suka shiga tsakani, aka yanka masa abin da zai riƙa biya duk wata. Ya biya sau uku ya tsaya, aka koma, ya sake farawa. Abin da ya dawo hannun Kawu zuwa yanzu bai kai rabi ba, kuma yadda siminti da filaye suka tashi, ko duka aka dawo masa da shi yau ba zai sayi irin wancan gidan ba. Watan jiya ya sabunta hayarsa ta shekara. Dillalin ya sauya masallaci, amma an ce mini har yanzu yana kai mutane ganin gidaje a wannan yankin.