Makulli ko tiraka: wanne ya fi tsare tsohuwar mota?

Tambayar Alhaji ita ce: yana da Fijo 504 ta gado, haɗin Kaduna, an gama mata gyaran jiki da fenti, yanzu duk inda ya ajiye ta sai an taru ana kallo. Kuɗin da ya ware ba zai ɗauki komai da komai ba. Ya sa tiraka ne, wato na'urar bin sawun mota, ko ya sayi makullin sitiyari, rewaya ya ɓoye masa makunni?

Alhaji, abubuwan nan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Makulli da makunni lokaci suke cinye wa ɓarawo kafin mota ta motsa. Tiraka kuwa ba ta hana kowa komai, sai mota ta tafi aikinta yake farawa. A ganinmu, ga mota irin taka, a fara da abin da ke hana ta tashi, a haɗa da hujjar mallaka, sannan tiraka ta biyo baya.

Tun 1998 aka wajabta wa sababbin motoci a Jamus da Ingila na'urar da ke hana inji tashi sai da ainihin makullinsa. Ita 504 ƙirar 1968 ce, kuma har aka daina haɗa ta a Kaduna tsarin wutarta bai yi nisa da na asali ba: batir, kwayil, distiribita, fulogi. Wanda ya san kan mota zai ja waya ɗaya daga batir zuwa kwayil, ya haɗa bakin kik da sukundireba, inji ya tashi. Ramin makullin ƙofa kuma shekaru sun cinye shi, har makullin wata motar yakan buɗe. Haka Bitil take, haka tsohuwar Land Rover.

Ɓangaren hana mota tashi

Makullin sitiyari mai sanda shi ne mafi rauni a cikinsu. Ɓarawo ba ya wahala da sandar, bakin sitiyarin yake yankewa da zarto ya zare ta, kuma sitiyarin tsofaffin motoci siriri ne. Irin wanda ke rufe sitiyarin gaba ɗaya kamar faifai, yana juyawa a banza idan an murɗa, ya fi shi nesa ba kusa ba, sai dai nauyi da tsada. Amfanin kowanne a ido yake: mai neman ta sauƙi ya hango shi ta gilashi ya wuce.

Ɓoyayyen makunni shi ne inda aka fi yin kuskure, domin yawancin rewayoyi wayar da ke kawo wuta daga makulli zuwa kwayil suke yankewa su sa makunni a kai. Wannan ita ce ainihin wayar da ɓarawo ke tsallakewa da tasa, don haka makunnin bai tsare komai ba. Kwayil na da baki biyu ƙanana: mai karɓar wuta, wanda ake rubuta wa 15 ko alamar tarawa, da mai zuwa distiribita, wanda ake rubuta wa 1 ko alamar ɗebewa. A kwayil ɗin Faransa za ka iya ganin BAT da RUP. Daga baki na biyun za a ja waya zuwa makunni, ɗaya ƙafar makunnin a ɗaure ta da ƙarfen jikin mota. Idan an rufe shi, ko an kawo wuta daga ina fulogi ba zai ba da tartsatsi ba. Kik zai yi ta juyawa inji bai kama ba. A naɗe wayar cikin damin wayoyin motar da baƙin tef, kada ta fito sabuwa fil tana nuna kanta. Sharaɗi biyu: in an cire kontak an sa na'urar lantarki a distiribita, kada a yi wannan haɗin, yana iya ƙona ta, kuma kada a bar makulli a kunne makunnin na rufe, kwayil zai yi zafi ya lalace.

Akwai dabarar da ba ta cin ko kwabo: buɗe murfin distiribita, zare rota, wato abin da ke juyawa a ciki yana raba wa fulogi wuta, ka sa a aljihu. A 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, doka ta tilasta wa direbobi a Ingila su kashe motar da za su bari ba kowa ta yadda ba za ta tashi ba, kuma zare rota aka fi yi. Har yau tana aiki. Illarta, rotar 504 ba wuyar samu take ba ga wanda ya shirya, kuma yawan cirewa da mayarwa yana sassauta ta.

Rufe mai shi muka fi yarda da shi. Ana sa ƙaramin bawul a kan bututun mai tsakanin tanki da famfo, a ƙarƙashin mota inda hannu ba ya kai wa sai an kwanta. Kabireta tana riƙe da ɗan mai a cikinta, saboda haka inji zai tashi, motar ta yi 'yar tafiya, ta mutu a kan titi. Ɓarawo ya fi tsoron wannan da motar da ta ƙi tashi tun farko, domin yanzu yana fili da motar da kowa a unguwa ya sani, kuma ba shi da lokacin bin bututu. Bawul na hannu ya fi na lantarki aminci. Na lantarki, in wayarsa ta saki, zai yanke maka mai kana tsakiyar wuce tirela. Kowanne aka zaɓa, faɗin raminsa ya yi daidai da na bututun, a ɗaure tiyo da kilif a baki biyu, a nisanta shi da salansa. Ga mai Marsandi ta dizal irin 200D ko 240D, wannan ne ma ya fi dacewa: injinta ba ya buƙatar wuta bayan ya tashi, don haka makunnin kwayil ba shi da wurin zama a can.

Duk waɗannan ba sa hana janwe. Motar da ta yi daraja ba lallai a tayar da ita ba, ɗauka ake yi. Maganin wannan wurin ajiya ne. 504 da ƙafar baya take ja, don haka a shiga da ita da baya har ta kusa bango, a bar ta a giya, a murɗe sitiyari har ƙarshe, a tare gabanta da motar hawa ta kullum. In za ta daɗe a ajiye, kada a ja birkin hannu, takalman birki kan manne da ganga. A sa waigi a taya. Ƙarfe da aka binne a siminti da sarƙa mai kauri a ɗaure a gatarin baya ya fi kowane ƙararrawa.

Ɓangaren bin sawu

Tiraka tana karɓar wuri daga tauraron ɗan'adam, ta turo wa wayarka ta layin sim. Wuri ɗaya ta fi makulli ba gardama: ƙwace. In an tare mutum da makami inji na aiki, bawul a buɗe yake, makunni a buɗe yake. A nan a miƙa makulli ba musu, rai ya fi ƙarfe, sai tiraka ta yi nata aikin. Haka idan janwe ya ɗauka, mai gane motsi za ta turo saƙo ko ba a kunna inji ba.

Amma a tsohuwar mota tana da matsalolin da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Irin wadda ake sokawa a ramin kwamfutar mota ba ta da wurin shiga, domin wannan ramin sai daga 1996 ya zama dole a Amurka, Turai ma daga baya. Dole a ja mata waya. Bitil ta kafin 1967 wutarta volt 6 ce, yawancin tiraka ba sa tashi da ita, kuma tsofaffin motocin Ingila da yawa bakin tarawa na batir ne ke ɗaure da jiki, in an haɗa a juye na'urar ta ƙone. Sai shan batir. Tirakar da ke jan miliamfiya 30 dare da rana za ta sha kusan amfiya-awa 22 a wata, fiye da kashi ɗaya cikin uku na batir mai 60. Motar da ake fitowa da ita ranar Juma'a kawai za ta jure, wadda ke kwana wata biyu ba za ta jure ba. In kuma an sa makunnin yanke batir gaba ɗaya, a tsallake shi da siririyar waya mai ƙaramin fiyus don tiraka ta ci gaba da samun wuta. Wanda ya yi ƙoƙarin kik fiyus ɗin ne zai ƙone.

Layin sim shi ne ke kashe tiraka a ɓoye. Ya yi watanni ba a sa masa kuɗi ba, kamfani ya rufe shi, mai mota bai sani ba sai ranar da ya buɗe waya ya ga wurin da motar take tun bara. A riƙa gwada ta kowane wata. A kuma tambaya ko layin yana aiki a ƙetare, domin daga Katsina zuwa Jibiya, ko daga Sakkwato zuwa Illela, ba wata tafiya ba ce, kuma layin da ba ya yawo yana yin shiru da an tsallaka. Kwantena ta ƙarfe tana toshe sigina, akwai kuma 'yar na'urar da ɓarayi ke kunnawa ta dagula shi. AirTag, 'yar na'urar Apple ta neman kayan da suka ɓace, ba madadin tiraka ba ce: da wayoyin iPhone na kusa take dogara, a inda suka yi ƙaranci sai ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan an yi ta ne ta sanar da wanda take bi, wato ɓarawon kansa.

Wurin ɓoyewa ma aiki ne. Bayan rediyo da ƙarƙashin sitiyari nan ake fara dubawa. Kada ƙarfe ya rufe ta ta sama. Ƙarƙashin allon bayan kujerar baya ya fi. Masu hali kan sa biyu, ɗaya mai sauƙin gani, ɗaya mai batirin kanta da ke magana sau ɗaya a rana. Umarnin kashe inji daga nesa kuwa, kada a tura shi sai taswira ta nuna motar a tsaye, kada a jawo hatsari a kan mutanen da ba ruwansu.

Abin da ke dawo da mota bayan tiraka ta yi shiru

Amfanin tiraka na awanni ne ko 'yan kwanaki. Ɓarayi kan ajiye mota a wani lungu kwana ɗaya ko biyu su ga ko za a biyo ta. In an wuce nan, ko an tsallaka da ita, ko an farfasa ta an sayar da fitilu da ƙofofi da inji daban-daban. Daga nan sai lamba. Ferrari ɗin direban tsere Gerhard Berger da aka sace a Imola ta Italiya a 1995, 'yan sandan Landan ne suka gano ta a 2024, bayan kamfanin ya bincika tarihinta lokacin da za a sayar. Wata mota ƙirar Corvette da aka sace a New York a 1969, jami'an kwastam suka tare ta a tashar ruwa ta Long Beach ana shirin kai ta Suwidin, bayan shekara fiye da 30. Wani mutum da aka sace wa mota ƙirar Austin-Healey a Philadelphia a 1970 ya gan ta a shafin gwanjo na intanet eBay a 2012, ya karɓe ta domin yana riƙe da takardar mallaka da makullin asali. Abin da ya ja masa jinkiri shi ne harafi ɗaya da aka shigar ba daidai ba a rajistar 'yan sanda.

Saboda haka tun ran gini tun ran zane. Lambar shasi mai harafi 17 daga 1981 ta zama ƙa'ida. Ta tsofaffin motoci gajera ce, kuma ma'aikaci kan yi kuskuren kwafe ta. Ɗauki hoton lambar da aka buga a jikin ƙarfe, ba ta farantin da aka liƙa kawai ba, da lambar inji da ta giyabos. A Bitil tana ƙarƙashin kujerar baya. Gwada su da abin da ke cikin takardunka harafi bayan harafi, in an taɓa canja inji a gyara takarda yanzu. Buga wata alama taka a wurare uku da ba a gani, cikin ƙofa, ƙarƙashin kafet, bayan bamba, ka ɗauki hotonsu. Takardun asali su zauna a gida, kwafi a mota. Yi mata rajista a e-CMR, rajistar motoci ta intanet ta rundunar 'yan sandan Najeriya. Inshorar dole da kowa ke yanka ba ta biyan sata. Sai cikakkiya, kuma a rubuta darajar da aka amince da ita, in ba haka ba kuɗin tsohuwar tasi za a lissafa maka.

Ranar da abin ya faru, Allah ya kiyaye, a kai rahoto caji ofis nan take, a karanta lambar da aka rubuta kafin a sa hannu, a karɓi kwafin rahoton. A nemi a sanar da hukumar kiyaye haɗurra da kwastam, a kuma roƙi a shigar da ita rumbun motocin sata na Interpol, wanda 'yan sanda kaɗai ke iya sakawa. A kai hotuna ga shugabannin 'yan kayan gyara, irin na Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, su ne za su fara ganin ƙofar 504 mai sabon fenti in an kawo. In tiraka ta nuna wuri, kada Alhaji ya je shi kaɗai ko ya tara matasa. A tafi da jami'ai, wayar na hannun wanda ke zaune kusa da direba.

Da kuɗin da ka ware, ranka ya daɗe, ga jerin da za mu bi: bawul na mai da makunnin kwayil a wurin rewaya ɗaya da ka amince da shi, kana tsaye, ba a gareji mai cike da yara ba, hotuna da gyaran takardu a makon nan, abin da ya rage a sayi tiraka mai batirin ciki, a ajiye kuɗin layinta na shekara guda tun yanzu.