Gargaɗi: a yi hattara da mai tallan "kifin Nemo" a WhatsApp

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kifi na Ringim, Taura, Hadeja da kewaye. Akwai wani mutum da ke kutsawa zaurukanmu na WhatsApp yana tallan ɗan kifin tekun nan mai ruwan lemo da ratsin fari uku, wanda yara ke kira Nemo saboda fim ɗin katun na 2003. Wai ka tura rabin kuɗi kafin alƙalami, ya sako maka akwatin gilashi da kifi biyu, mace da namiji, a motar Legas, in sun hayayyafa kuma shi zai saye 'ya'yan. Don Allah kada kowa ya tura masa ko sisi.

Ƙanin wani abokina a wani ƙauye kusa da Taura ya tura. Abin da direba ya miƙo masa a tasha shi ne leda ɗaure da roba, da 'yan kifaye biyu masu ja da fari da doguwar jela, irin na ruwan daɗi da ake sayarwa a shagunan kifin ado a Kano, sai ƙullin gishirin miya a takarda. Akwatin kuwa wai "yana hanya". Yaro ya bi umarni, ya narka gishiri a ruwan rijiya, ya saki kifi. Kafin la'asar sun juya ciki sama. Da ya kira, aka ce shi ne bai iya haɗi ba, ya ƙaro kuɗi a sake aikowa. Da ya ce a mayar masa da kuɗinsa, layi ya daina shiga.

Tun daga bakinsa ma za a gane ƙaryar. Yana cewa masunta ne ke kamo masa a tekun Legas. Legas a gaɓar tekun Atlantika take, kifin Nemo kuwa babu shi a Atlantika sam. Gidansa tekun Indiya ne da yammacin Pasifik, wajen Indonesiya da Filifin da arewacin Ostireliya, wasu danginsa kuma a Bahar Maliya.

Sai batun gishiri, inda mai tallan ya fi cutar mutane, don kifin sai a ruwan gishiri irin na teku yake rayuwa. Ruwan teku na ɗauke da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita, wato jarka mai lita 25 sai ta ci abin da ya kusa kilo guda. Kuma ba na miya ba. Wani haɗi ne na musamman mai sinadaran kalsiyam da magniziyam da sauransu, ana narka shi a tataccen ruwa, a auna da na'ura. Ko ka haɗa daidai, ba ranar za ka sa kifi ba. Akwatin sai ya yi sati 4 zuwa 6 famfo na juya ruwa, har ƙwayoyin bakteriyan da ke cinye gubar amoniya ta kashin kifi su kama jikin duwatsu. Mu masu tarwada mun san warin amoniya, mukan zubar da ruwa mu sako sabo daga burtsatse, shi ke nan. A nan kowane canjin ruwa sai ka sayi gishirin. In zafi ya shanye ruwan kuma, gishirin na nan bai tafi ba, don haka tataccen ruwa zalla ake cikawa da shi. Mutumin bai taɓa ambaton ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Kifin na son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 27. Ku tuna ɗakin kwano a watan Afrilu a Jigawa, lokacin da zafi ke haura 40, ga wuta ta ɗauke. Wanda ba shi da sola mai batir da zai riƙe famfo dare da rana, da hanyar sanyaya ruwa, ya haƙura kawai.

Batun "mace da namiji" ma abin dariya ne: ƙananansu babu mace a ciki, wanda ya fi girma da ƙarfi ne ke rikiɗa ya zama mace daga baya. 'Ya'yan da yake alkawarin saye kuwa, in sun ƙyanƙyashe bayan kamar mako guda, ba sa cin abincin 'ya'yan tarwada. Wasu mitsi-mitsin halittun ruwa suke ci, rotifa, waɗanda su ma kiwon su ake yi daban. A ganina wannan alkawarin shi ne ƙugiyar, don shi ya sa mutanen da ba ruwansu da kifin ado suka zura hannu a aljihu.

Ban ce ba a kiwon kifin a gida ba. Ana yi, kuma cikin kifayen teku yana daga masu sauƙi. Amma mai so ya je da ƙafarsa ya ga kifin yana iyo yana cin abinci, ya sa a auna gishirin ruwan a gabansa, sannan a yi maganar kuɗi.

Wanda ya riga ya tura, ya adana shaidar turawar da saƙonnin muryar, ya sanar da bankinsa da wuri, ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa. Masu kula da zauruka kuma ku lura: yakan canja lamba da suna, amma bidiyon da yake turawa ɗaya ne, na wani akwati mai shuɗiyar fitila da murjani.