Ajin girkin WhatsApp da alkakin garar ƙanwata

Tun lokacin kullen korona a 2020 na fara neman girki a waya. Muna zaune a gida a Tudun Wada, Zariya, babu fita, yara sun gaji da shinkafa da miya, maigida kuma ya fara tambaya ko babu wani abu ban da tuwo. Sai na shiga YouTube da Facebook ina dube-dube, in ga abin da zan iya haɗawa da kayan da ke hannuna. A haka na koyi cincin mai laushi, na koyi fanken da ba ya shan mai, har miyar ugu irin ta mutanen kudu. Ban taɓa biyan kowa ko sisi ba, in ban da kuɗin data. Shi ya sa da na fara ganin tallar wani ajin girki na kuɗi da ake yi a WhatsApp, ban yi rawar jiki ba. Na daɗe ina wuce hotunan, duk da cewa hotuna ne masu tsayar da mutum.

Bikin autarmu ne ya sa na shiga. An sa rana a watan Disamba, Umma ta ce a ba masu sana'a kwangilar kayan gara gaba ɗaya a huta. Ni kuma na ce nakiya dai a bayar, amma alkaki da dubulan a bar mini, ina so ya zama da hannuna na yi wa ƙanwata. A tallar ajin nan akwai sashe guda da aka rubuta wa "kayan gara daga farko har ƙarshe". Na tura kuɗin, kun dai san yadda farashin irin waɗannan azuzuwan yake yanzu, na aika shaidar biya, kafin la'asar an sa ni a ciki.

Makon farko na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Malamar ta iya samosa. Ni da nake fama da murza fulawa da muciya har kafaɗata ta yi ciwo, a wajenta na ga ana dama kwaɓin ruwa-ruwa a shafa shi da buroshi a kaskon da ba ya kamu, kafin ka ƙifta ido fallen ya ɗago da kansa, siriri kamar takarda. Ranar da na gwada, yara suka tsaya a ƙofar kicin suna karɓa tun da zafinsa. Na ce lallai kuɗina bai tafi a banza ba. Har na tura wa ƙawata da ke Samaru lambar, na ce ta shiga.

Sai aka zo kan alkaki.

Abin da aka turo mana rubutu ne layi shida da bidiyo na minti biyu. Alkama kofi 4, yis cokali 1, mai, nono, ɗan kanwa, ruwa daidai misali, a rufe awa 3 ya tashi. Bidiyon kuwa kiɗa ne a sama, hannu ya zuba wannan ya zuba wancan, an yanke, sai ga kwaɓi ya haɗu lukwi, an sake yankewa, sai ga alkaki jere a tire yana ƙyalli. Wane kofi? Ba a faɗa ba. Cokalin shayi ne ko na cin abinci? Shiru. Mu nan da tiya da mudu da gwangwani muke awo, kuma mai yin gara ba kofi huɗu take kwaɓawa ba. Na zauna da biro na yi lissafina, na ninka, na je kasuwar Sabon Gari na auno alkama tiya 3, na sayi man gyaɗa galan guda da sukari. Na tsince ta, na wanke, na shanya a tabarma ta bushe. Da na kai inji mai niƙan ya tambaye ni, "Hajiya, gari ko ɓarza?" Na san alkaki ɓarza ake yi, amma wace irin ɓarza? Na buɗe wayar a gabansa na sake kallon bidiyon, ba a nuna alkamar kusa ba ko sau ɗaya. Na ce ya ɓarza kawai. Ya ɓarzo mini ita manya-manya.

Ranar Laraba da yamma na kwaɓa. Duk wanda ya san Zariya a Disamba ya san abin da nake nufi da sanyi: hazo ya rufe gari, leɓe na tsagewa, ruwan randa kamar an sa ƙanƙara. Awa uku ta cika, na buɗe roba, kwaɓi yana nan yadda na bar shi. Na ƙara awa biyu, babu labari. Na ce to bari ya kwana, na ajiye shi a sito a kan siminti. Da asuba na tarar samansa ya bushe ya yi ɓawo, cikinsa kuma warwar, babu danƙo ko kaɗan. Maƙwabtana biyu sun riga sun shigo taya ni naɗi, mun shimfiɗa tabarma a tsakar gida, an hura gawayi, mai ya yi zafi. In na murza zan naɗa sai ya katse a hannuna. Da ƙyar muka lallaɓa muka naɗa guda goma sha biyu, na saka a mai.

Ina tsaye da matsami a hannu na ga suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ko minti biyu ba a yi ba suka wargaje gaba ɗaya, man ya cika da tsaki yana tafasa yana kumfa, na ƙasa ya fara ƙonewa yana baƙi. Ko ƙwaya ɗaya ban tsamo da siffarta ba. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ta ce, "Maman yara, sauke man nan kar ya lalace duka." Na sauke, na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, hawaye suka zubo mini. Ba asarar alkama da mai ce ta fi ci mini rai ba. Ni na buɗe baki a gaban Umma da ƙannen Baba na ce a bar mini, ga shi ranar Lahadi za a kai gara gidan mutane.

A nan ne ajin ya ba ni haushi na gaske. Na ɗauki hoton kaskon zan tura, sai na tarar an kulle wurin, malama kaɗai ke iya magana, tambaya sai ranar Asabar. Na bi ta ta lambarta, na yi sallama, na tura hoto, na yi bayani dalla-dalla, na ce don Allah Hajiya ki taimaka, biki ne a kaina. Na ga alamar ta buɗe saƙon. Ba ta amsa ba ranar, ba ta amsa washegari ba. Sai ranar Asabar da dare ta turo murya ta 'yan daƙiƙoƙi, wai ayya, in sake kallon bidiyon da kyau, wataƙila ban bi awon daidai ba. Wane awo? Wanda ba ki faɗa ba? Na saurari muryar nan sau uku ko zan ji wani abu da zai amfane ni, babu.

Allah Ya sa ban zauna jiranta ba. A ranar Alhamis ɗin, bayan na share hawaye, na koma YouTube na rubuta "yadda ake alkaki". Na wuce masu kyan hoto, na buɗe wani dogon bidiyo da ya haura minti ashirin. Wata dattijuwa ce zaune a kujera 'yar tsuguno a tsakar gida, mai ɗaukar hoton hannunsa na rawa, ana jin zakara da kukan yaro a baya. Amma abu na farko da ta yi, ta ɗebo alkamar a tafin hannu ta kawo ta dab da waya, ta ce ga yadda ake so, ɓarza mai laushi wadda ke da gari a jikinta. Ta murje ta da mai tun tana busasshiya kafin ruwa ya taɓa ta. Ta dunƙula kwaɓin ta matse, ta nuna yadda yake riƙe kansa. Ta kuma ce lokacin sanyi ba a ƙirga masa awa, sai an kai shi wuri mai ɗumi an lulluɓe, ya kwana, wani lokacin ma ya ƙara. Ina kallo ina gane kurakuraina ɗaya bayan ɗaya.

Na juye kwaɓin a bokiti na tari Keke Napep, muka bi ta Ƙofar Doka muka shiga cikin gari wajen Gwaggo, yayar Baba. Ta sa hannu ta murza kaɗan tsakanin yatsunta, ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ai wannan tsakin dambu aka ɓarzo miki. Wa ya ce ki ajiye kwaɓi a ƙasa da wannan sanyin?" Ba ta ƙara faɗa ba. Ta aiki jikanta ya niƙo garin alkama, ta sa aka samo nono mai tsami wajen 'yan Fulani, ta haɗa, aka zuba a turmi aka kirɓa har ya fara kama taɓarya. Ta rufe da leda, ta lulluɓa tsohon bargo, ta ajiye kusa da murhu inda aka sauke tuwon dare. Washegari da hantsi da ta buɗe, ƙamshin tsami ya bugi hancina, kwaɓin ya saki ya yi laushi. Sai a lokacin ta zuba ruwan kanwa kaɗan-kaɗan tana ɗanɗanawa a harshe, don kanwar ce ke kashe tsamin. Wuta kuwa ta ce a rage ta sosai, alkaki ba ya son gaggawa, in mai ya cika zafi bayansa zai yi ja cikinsa ɗanye. Ruwan sukarin ma sai da ta matsa lemon tsami a ciki don kar ya daskare ya koma farin sukari a jikin alkakin. Duk abin da dattijuwar bidiyon nan ta faɗa, shi Gwaggo ta yi, kamar tare suka koya. Muka cika manyan robobi biyu kafin magariba. Ranar Lahadi aka kai gara, dangin ango har suna tambayar wa ta yi.

Bayan biki hankalina ya kwanta, na ce bari in yi wa malamar adalci. Dubulan ɗin da na yi da bayaninta ya fito sumul, naɗin ma a wajenta na koya. Mai yiwuwa a garin da take zafi ne, awa uku na isar ta, don yis da ɗumi yake aiki, sanyi na sa shi nawa, ruwa mai tsananin zafi kuma ya kashe shi. Mai yiwuwa ɗaliban sun yi mata yawa. Har na yi niyyar in bar maganar.

Amma da na koma ina bin sauran darussan sai raina ya sake ɓaci. A darasin kek an rubuta a gasa a 350. Ranar tambayoyi wata baiwar Allah ta ce abin gashinta iyakarsa 250, yaya za ta yi? Aka ce ta kai shi ƙarshe. Ni ma daga baya na gane cewa 350 ɗin nan ma'aunin zafi ne na Amurka, a irin namu kusan 180 ke nan. Ke nan an kwaso rubutun ne daga wani wuri aka manna mana ba tare da an duba ba, kuma Allah kaɗai Ya san yadda kek ɗin matar nan ya ƙare. Ballantana mu da yawa da tukunya da yashi muke gashi, ko gawayi sama da ƙasa, ba a ko ambace mu ba. Rabin girke-girken kuma sai an nemo irin cukwin nan na kanti da kirim mai tsada, waɗanda ko an samu a Sabon Gari ko kantunan unguwar PZ, wa zai ajiye su da wannan wutar da ake kawowa a ɗauke? Wata na cika aka rufe ajin, bidiyon da ban sauke ba suka tafi, abin da ya ci gaba da shigowa wayata tallar kayan ƙamshi ne da sanarwar sabon aji.

Yanzu in zan nemi girki ba na kallon kyan faranti. Ina duba tsawon bidiyon, ina duba ko ana nuna hannu da kwaɓi kusa, ko mai yin tana ɗaga gwangwanin da take awo da shi a gani, ko tana faɗin abin da ke ɓata girkin da yadda ake gyara shi. Na sayi kofunan awo da ƙaramin sikeli, na san kofin da Turawa ke nufi mililita 240 ne, babban cokali 15, ƙarami 5, gwangwanin madara kuma bai kai kofin ba. Kuma ko wace ce ta koyar, da gwangwani biyu nake fara gwadawa kafin in taɓa tiya. TikTok da Instagram ina leƙawa ne kawai in na rasa abin da zan dafa, su tuna mini da faten doya ko dambun shinkafa, amma koyon ainihin yi sai dogayen bidiyon nan marasa ado, da shirin girkin Arewa24 in na samu wuta.

Ƙawata ta Samaru ta kira ni shekaranjiya, wai an fara tallar ajin azumi, ta biya? Na ce in samosa da kayan buɗa-baki take so, za ta ƙaru, amma ta sauke kowane bidiyo a ranar da aka turo, kuma kar ta sa ran za a amsa mata in abu ya kwaɓe. In kuwa kayan gara ne, ta riƙe kuɗinta ta zo ranar Asabar mu shiga cikin gari. Gwaggo za ta yi nakiyar wani biki, ta kuma yarda in ɗauke ta a waya tun daga jiƙa shinkafa.