Corolla ƙirar 2006 bayan shekara biyu a hanyar Bauchi zuwa Gombe

Shekara biyu ke nan da 'yan watanni da na sayi Toyota Corolla ƙirar 2006, irin wadda aka ƙera don kasuwar Amurka, a wani wurin sayar da motoci da ke cikin garin Bauchi. Abin da ya kai ni gare ta shi ne janye tallafin man fetur da aka yi ranar 29 ga Mayu, 2023, domin tun daga lokacin tsohuwar motata mai silinda shida ta fi ƙarfin albashina, ga shi kuma aiki yana kai ni Gombe kusan duk bayan mako biyu. Duk wanda na nemi shawararsa, daga abokan aiki har direbobin tasha, amsarsa ɗaya ce, wato in nemi Corolla in huta.

Ta ɓangaren inji, ban yi nadama ba ko kaɗan. Injin mai silinda huɗu ne, girmansa lita 1.8, kuma sarƙa ce take haɗa juyinsa maimakon bel, saboda haka babu fargabar tsinkewar bel a tsakiyar daji kamar yadda ake fama da ita a wasu motocin. Daga Bauchi zuwa Gombe tafiyar kusan kilomita 150 ce, kuma idan ban matsa totur ba, abin da nake ƙonawa bai cika wuce lita goma sha biyu ba, ko da na kunna na'urar sanyaya ciki. Tankinta yana ɗaukar lita 50, don haka nakan je in dawo, in ci gaba da zirga-zirgar gari ba tare da na leƙa gidan mai ba. Kayan gyaranta ma ba sa wahalar samu, kuma da wuya ka shiga garejin da za a ce maka ba a san kanta ba, wanda hakan babbar kwanciyar hankali ce ga mai bin hanyar da ta ratsa Dindima da yankin Alkaleri, inda tsayawar mota da yamma ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Sai dai giyarta mai canza kanta hawa huɗu ce kawai, kuma idan muka cika ta mu biyar da kaya, dole in yi haƙuri wajen wuce tirela. Mota ce ta mai neman isa lafiya da rufin asiri, ba ta mai son gudu ba.

Inda nake da magana mai tsawo shi ne yadda ake tallar waɗannan motoci. Ranar da na je, dillalin ya buɗe mini ƙofa, ya nuna mini lambar da ke kan allon gaban direba, ya ce: "Alhaji, dubi da idonka, dubu casa'in da shida kacal ta yi. Wata tsohuwa ce ta hau ta a can, daga gida sai kasuwa, kuma ko taɓa fentinta ba a yi ba." An wanke injin yana ta ƙyalli, an shafa wa tayoyi mai, cikin motar yana ƙamshi. Na yarda, domin na zo da yardata tun daga gida saboda sunan motar.

Bayan wata uku, bakanikena yana canza baƙin mai sai ya kira ni gefe. "Malam, zo ka ga wani abu," in ji shi, ya sa yatsa ya goge ƙura a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Wata 'yar takarda ce a manne, ta garejin da aka taɓa yi wa motar sabis a Amurka, an rubuta 187,000 da biro a kanta. Ya kuma tunatar da ni cewa motocin Amurka da mil suke lissafi, mil ɗaya kuwa ya kai kilomita 1.6, ma'ana motar ta yi kusan kilomita 300,000 kafin ta bar can. A nan na fahimci dalilin da ya sa robar da ke kan abin taka birki ta suɗe har ƙarfe ya fito, abin da ya kamata in lura da shi tun ranar farko. Da ya shiga ƙarƙashinta kuma, sai ya tarar an yanke salansa an kwashe abin nan mai tace hayaƙi da bakanikai ke kira indomi, an sake walda wurin. Ana cire shi ne saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, irin su filatinom, kuma rashinsa ne yake kunna fitilar gargaɗin inji, wadda a tawa motar an riga an cire ƙwanta don kada ta haska.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu buƙatar wannan ƙaryar. Da an faɗa mini gaskiyar tafiyar da ta yi, da na saya duk da haka, sai dai da na nemi ragi, na kuma ware kuɗin canza shakazoba da robobin ƙafa tun da wuri, maimakon su riƙa zuwa mini ɗaya bayan ɗaya cikin damina. Corolla tana kasuwa tun 1966, kuma amincin da ta yi suna da shi gaskiya ne, amma wasu masu sayarwa sun mayar da wannan suna mayafi, suna lulluɓe tarihin kowace mota da shi, har mai saye ya manta cewa ƙarfen da ke gabansa ya kusa shekara ashirin yana aiki.

Akwai kuma gyaran da nake roƙon masu irin wannan mota su ƙi yarda da shi. Da zafin Afrilu ya kama, wani ya ba ni shawarar a cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, a haɗa fankar lagireto kai tsaye, wai don an yi motar ne domin ƙasar sanyi. Bakanikena ya hana, ya bayyana mini cewa injin da bai kai zafin da aka tsara masa ba ya fi shan mai, ya fi kuma saurin lalacewa. Wanke lagireto muka yi, muka zuba ruwan sanyaya inji na gaske maimakon na famfo, kuma har yau allurar zafi ba ta taɓa wuce tsakiya ba.

Da ƙanen matata ya tashi sayen tasa a watan jiya, tare da bakaniken muka je. Mun biya an jona na'urar bincike, mun sa an duba tarihin motar a intanet da lambar jikinta mai haruffa da alƙaluma 17, mun gwada takardun kwastan da wannan lamba, sannan muka ɗaga ta muka leƙa salansa. Motoci biyu muka bari kafin ya ɗauki ta uku, ita ma Corolla. Ni kuwa tawa tana nan tana aiki, kuma ina tara kuɗin mayar mata da matacin hayaƙin da aka cire.