Wasiƙa daga Aberdeen: yadda jiragen yaƙin da aka nutsar suke ciyar da mutanen Orkney

Yaya Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali baki ɗaya, ina amsa tambayarka ne game da yadda kaya da hidima suke a wannan ƙasa. Farashin shinkafa da man girki ka riga ka ji su a wasiƙun baya, saboda haka a wannan karo zan ɗauki sana'a guda wadda ba mu da irinta a gida, wato sana'ar nuna wa baƙi tarihin yaƙin teku, in kwatanta maka yadda ake gudanar da ita a tsibiran Orkney da ke arewacin Birtaniya da kuma gaɓar Nomandi ta Faransa.

A tsakiyar tsibiran Orkney akwai wani faffaɗan ruwa da tuddai suka kewaye, ana kiransa Scapa Flow, wanda shi ne babban sansanin sojan ruwan Birtaniya a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Bayan an tsagaita wuta a ranar 11 ga Nuwamba 1918, an kawo jiragen yaƙin Jamus 74 aka tsare su a nan tare da matuƙansu, ana jiran abin da taron sulhu na Faris zai yanke a kansu. Watanni bakwai suka yi a kan ruwa ba a bari su taka ƙasa ba. Kwamandansu, Ludwig von Reuter, ba ya samun labarin tattaunawar sai daga jaridun Ingila da suka kwana biyu, kuma ya tsorata cewa za a ƙwace jiragen a raba wa abokan gaba. Da safiyar 21 ga Yuni 1919, lokacin da yawancin jiragen Birtaniya suka fita atisaye, ya aika da ishara daga jirginsa Emden, matuƙa suka buɗe ƙofofin ruwa na gindin jirage, kafin yamma 52 sun nutse, na ƙarshensu shi ne Hindenburg da misalin ƙarfe biyar. Masu gadi sun harbe Jamusawa tara a cikin ruɗanin. 'Yan makaranta daga garin Stromness, waɗanda aka fitar yawon buɗe ido a wani ƙaramin jirgi mai suna Flying Kestrel, sun ga komai da idonsu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da ya biyo baya, domin a nan ne kasuwanci ya shigo. Hukuma ta ɗauka ciro jiragen ba zai biya kuɗinsa ba, sai wani mai sayen tsofaffin ƙarafa, Ernest Cox, wanda a wurinmu babban ɗan gwangwan za a kira shi, ya sayi da dama daga cikinsu suna kwance a ƙarƙashin ruwa, ya fara aiki a 1924 ba tare da ya taɓa ciro ko kwalekwale ba. Dabararsa ga manyan jiragen ita ce a toshe duk wata kafa, a hura iska da ƙarfi har jirgin ya taso a kife, sannan a ja shi haka nan, gindinsa a sama, zuwa tashar jiragen ruwa ta Rosyth inda ake yanka shi. A lokacin yajin aikin 1926, da kwal ya yi tsada, sai ya fasa jikin jirgin Seydlitz ya ɗebi kwal ɗin da Jamusawa suka bari ya ci gaba da aikinsa. Ya ciro Hindenburg a 1930, ya kuma bar sana'ar ba da riba ba, wani kamfani ya ɗora daga inda ya tsaya. Manyan jirage bakwai ne suka rage a ƙasa har yau. Ƙarfensu yana da wata daraja ta daban, domin an ƙera shi kafin gwajin bam ɗin nukiliya na 1945, don haka ba shi da gurɓatar da ke dagula na'urorin awo masu laushi.

Zuwa wurin shi ne inda kuɗi yake tafiya. Daga Aberdeen jirgin fito yana ɗaukar kimanin awa shida zuwa Kirkwall, babban garin Orkney, daga tashar Scrabster da ke gaɓar arewacin Birtaniya kuwa kimanin awa ɗaya da rabi zuwa Stromness, sannan sai an sake hawa wani ƙaramin jirgin daga Houton zuwa Lyness a tsibirin Hoy, inda gidan tarihin Scapa Flow yake. Mai mota dole ya kama gurbi tun da wuri, musamman da bazara. Teku tana da ƙarfi a wannan yanki kuma iska kan sa a soke tafiya, amma idan hakan ta faru saƙo yana shigowa waya kafin mutum ya bar masauki, a kuma sauya masa lokaci ba tare da ya roƙi kowa ba. A ganina wannan sanarwar ita ce rabin hidimar, domin matafiyi yana iya haƙuri da jinkiri muddin an gaya masa gaskiya da wuri.

Shi gidan tarihin kyauta ake shiga, sai wanda ya ga dama ya jefa wani abu a akwatin taimako. An kafa shi ne a tsohon ɗakin injinan da suke tura mai ga jiragen yaƙi, aka sake buɗe shi a 2022 bayan gyara. A harabarsa akwai bindigogin da aka ciro daga jiragen Jamus, da farfelar jirgin yaƙin Birtaniya Hampshire wanda nakiya ta nutsar a 1916 da Lord Kitchener, ministan yaƙin Birtaniya, a ciki. Na tsaya kusa da ɗaya daga cikin bindigogin, na ga yadda gishiri ya ci jikin ƙarfen ya bar ramuka-ramuka, ga kuma ɗan allo a gefe yana bayani a taƙaice, babu zagin Jamusawa, babu kirarin kai. Ba da nisa ba akwai maƙabartar sojan ruwa, inda aka binne Jamusawan da aka harbe lokacin nutsar da jiragen, kuma ana yanke ciyawar kaburburansu daidai da ta sauran.

Masu samun kuɗi na gaske su ne masu jiragen da suke kai masu nutso kan jiragen bakwai. Baƙi suna zuwa daga ƙasashe da yawa su kama jirgi na mako guda, su yi hayar rigar da ruwa ba ya ratsawa da tukwanen iska, su cika masaukai da gidajen abinci na Stromness. Manyan uku, König da Kronprinz Wilhelm da Markgraf, suna kife ne a zurfin da ya kai kimanin mita 45, saboda haka sai gwanaye. Doka ta hana ɗaukar ko ƙusa daga jikinsu. Shi kuwa Royal Oak, jirgin yaƙin Birtaniya wanda jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus U-47 ya nutsar a ranar 14 ga Oktoba 1939 da mutane fiye da 800, kabari ne a idon doka, ba a yarda a yi nutso a kansa ba. Wannan harin ne ya sa Churchill ya ba da umarnin gina shingaye huɗu a mashigan gabas, inda da can tsofaffin jirage aka nutsar da gangan don toshe hanya. Fursunonin yaƙi 'yan Italiya sun yi aikin, yanzu kuma titin mota ne a kan shingayen, kana wucewa kana hangen tsatsar jiragen a gefe.

Game da kayan masarufi, tsibiri ne, kusan komai jirgi ke kawo shi, saboda haka ya fi Aberdeen tsada. Naman shanunsu ya yi suna, amma wanda aka yanka bisa shari'a yana da wuyar samu, sai mutum ya koma ga kifi da ƙwai da cuku, waɗanda suke da kyau ƙwarai. Rigunan ulu na saƙar gida suna da ɗumi da ƙarko, farashinsu kuwa na baƙi ne. Abin mamaki shi ne wutar lantarki: tsibiran suna samar da fiye da abin da suke sha daga iska, amma mazauna suna kukan kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki.

Nomandi wata duniya ce. A ranar 6 ga Yuni 1944 sojojin ƙawance kimanin 156,000 suka sauka a can, yawancinsu ta teku a gaɓoɓi biyar, kuma su ma sun nutsar da tsofaffin jirage da dama a jere, har da Courbet na Faransa, domin su tare igiyar ruwa. A Arromanches har yau ana ganin manyan tubalan kankare na tashar jiragen ruwa ta wucin gadi da aka jawo daga Ingila, idan ruwa ya janye ana iya takawa zuwa wasunsu. Gidajen tarihi suna da yawa, galibinsu sai an biya, ga shagunan huluna da tutoci da masu motocin zagayawa da baƙi, kuma maƙabartar Amurkawa ta Colleville mai kaburbura fiye da 9,000 ita ce babban wurin da ake shiga kyauta. Abinci ya fi na Orkney daɗi, burodi ya fi araha, naman halal ma ba ya wuya a birnin Caen. Sai dai mai fasfo irin namu yana bukatar bizar Turai ko da yana da izinin zama a Birtaniya, kuma motocin haya tsakanin gaɓoɓin ba su da yawa. Ni dai na fi gamsuwa da Orkney, domin a can ba a matsa wa baƙo ya saya.

Kada ka ɗauka wannan tarihi bai shafe mu ba. A watan Satumba na 1914 Jamusawa sun nutsar da jirage a mashigar kogin Wouri domin su tare hanyar Duwala a Kamaru, sojan ruwan Birtaniya suka fasa hanya, garin ya miƙa wuya a ranar 27 ga watan, kuma cikin dakarun da aka sauke daga jirage akwai na rundunar Nijeriya, wadda Hausawa suke da yawa a cikinta. Idan ka je Kaduna ka samu dama, ka tambaya mini ko akwai inda aka adana takardun wannan tafiya, domin ina so in san sunayen bataliyoyin da kuma garuruwan da aka ɗebi mutanen. Ka gaida Hajiya da yara.

Ƙaninka, daga Aberdeen.