Gargaɗi ga kwamitocin iyayen yara a Damagaram: an karɓe mana jika 385 da sunan tallafin kayan karatu

Ni ne ma'ajin kwamitin iyayen yara na wata makarantar firamare da ke cikin garin Damagaram, kuma ina rubuta wannan ne raina a ɓace, domin kuɗin da aka ba ni amana sun salwanta ta hannuna. Jika 385 ne, wato sefa 385,000, waɗanda iyaye suka tara a cikin wata uku da niyyar 'ya'yansu su daina zama a kan tabarma suna rubutu bisa gwiwa. Ba zan ambaci sunan makarantar ba, kuma sunan da mutumin da ya damfare mu ya ba mu ma na tabbata yanzu ba nasa ba ne.

Ya zo mana ne makonni kaɗan bayan komawa makaranta a watan Oktoba, a kan babur, da jaka a kafaɗa da kati rataye a wuya, ya ce shi wakilin wata ƙungiya ce mai zaman kanta da ke Yamai, wadda take raba teburan zama da littattafan karatu da alluna da alli ga makarantun da ke da azuzuwan zana. Mu kuwa muna da irin waɗannan azuzuwa guda uku. Duk wanda ya tuna gobarar da ta cinye yara sama da 20 a makarantar Maraɗi a watan Nuwamba na 2021, da wadda ta riga ta a Yamai a watan Afrilun shekarar, ya san yadda zuciyar uba take idan aka ce masa za a taimaka wa ajin zana. Ya ce kayan kyauta ne, amma ƙa'idar masu ba da tallafin ita ce al'umma ta zuba nata kaso, don a tabbatar cewa za ta kula da kayan.

Abin da nake ta juyawa a raina dare da rana shi ne ranar da na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa. Muna tsaye a ƙofar ajin 'yan shekarar farko, ya gama auna faɗin ajin da igiyar awo, ya ƙirga yaran ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa, har ya ɗauki allon wata yarinya da ya tsage ya duba ya girgiza kai. Na ciro jika 250 daga aljihu, sai ya ja da baya ya ce, "A'a Baba, ni ba na taɓa kuɗin jama'a da hannuna, ku aika wa mai lissafinmu, a ba ku takardar shaida." Wannan maganar ce ta sa na sakankance, na aika kuɗin. Na ce a raina ɓarawo ba ya ganin kuɗi ya janye hannu. Har yau ina ganin yadda ya ja da baya, ina jin muryarsa yana ce mini Baba.

Masu cewa na yi sakaci su sani cewa shekara shida ina riƙe da wannan asusu, kuma ko dala ba ta taɓa ɓata ba. Na nemi takardar izinin ƙungiyar, ya nuna mini mai hatimi da sa hannu. Na kira lambar da ke jikin takardar, wata mata ta ɗauka ta yi mini bayani da Faransanci da Hausa, ta ce sunan makarantarmu yana cikin jeri. Shugaban makaranta yana wurin, shugaban kwamiti yana wurin, ba ni kaɗai na yanke shawara ba. Abu ɗaya ne ban yi ba, ban taka na je ofishin sufeton makarantu na tambaya ba, kuma shi ne yake ci mini rai, domin tafiyar ba ta kai ta rabin sa'a ba.

Jika 50 na ƙarshe na aika su ne ranar wata Alhamis da dare, da ya ce motar da ta ɗauko kayan ta lalace a Tasawa. Kafin nan, ko da yake na manta ko a makon ne ko a wanda ya gabata, ya ce motar ta taso daga Yamai ta wuce Dosso, sai dai kuɗin dako bai cika ba, a ƙara jika 85. Bayan maganar Dosso ne ya turo hotunan teburan a bayan babbar mota ta WhatsApp, lokacin da ya ce suna Birnin Ƙonni. Ya san hanyar gari bayan gari, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa, yana matso da motar kusa da mu kowace rana, mu kuma muna share ajin da za a sauke kayan. Jika 250, da jika 85, da jika 50, jimilla jika 385. Daga safiyar Juma'a lambarsa a kashe take, ta matar ma haka.

A cikin wannan jika 385 akwai kuɗin wata dattijuwa mai tuyar ƙosai da ke riƙon jikoki biyu. Ta zo gidana da magariba, ta kwance bakin zanenta ta zube mini tsabar kuɗi masu maiƙo a tafin hannu, muka ƙirga tare suka cika jika ɗaya da dala ɗari, ta ce, "Malam, a saya musu abin zama." Jiya na gan ta a kan hanyar kasuwar Dole, na kasa ɗaga ido na gaishe ta. Da kuɗin nan muka kai wa kafinta a nan cikin gari, da yanzu wani aji yana zaune a kan benci.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, mun ba su takardun aika kuɗin guda uku. Hotunan hirarmu ta WhatsApp da na takardar hatimin da ya nuna duk suna cikin wayata, kuma zan saka su a nan da zarar masu bincike sun ba ni izini, domin na ji ƙishin-ƙishin cewa ya leƙa wata makaranta a wajen Mirriya da irin wannan magana.

Duk wanda ya zo muku da tallafin da sai kun fara biya, kada ku ba shi ko dala. Ku kai shi ofishin sufeto ko na magajin gari, ku tsaya a gabansa a tabbatar da shi. Ni kuwa ranar Asabar zan tsaya gaban taron iyaye na karanta musu lissafin jika 385, na kuma gaya musu cewa na sa babur ɗina a kasuwa don na fara mayar da abin da ya samu.