Shagon Injiniya a Birnin Kebbi: inda ba a fara da cewa bod ya ƙone

Masu gyaran waya sun cika Birnin Kebbi, masu gyaran laftof ma ba a rasa su. Amma wanda zai buɗe kwamfutar tebur da aka harhaɗa da hannu, ya san inda zai fara dubawa da inda zai ƙare, wannan sai an tona. Akwai wani ɗan shago a wani layi da ya ɓalle daga titin Ahmadu Bello, tsakanin mai fotokwafi da mai sayar da caja, kowa a layin Injiniya yake ce wa mai shi. Na ga ya kamata a yi maganarsa, musamman saboda samarin da yanzu suke sayo kayan kwamfuta ɗaiɗai daga Legas ko Kano su haɗa da kansu.

Sana'ata haɗa bidiyon biki da gyaran hotuna. Laftof ɗina ta gaji, bidiyon kamu guda sai ta yini tana nishi, shi ne ƙanena da ke karatun kwamfuta ya ce mu haɗa ta tebur, za ta fi ƙarfi kuma kuɗin bai kai na sabuwar laftof ba. Muka yi odar kaya daga Legas aka sa mana a mota: furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Ryzen 5 5600 na kamfanin AMD, madabod, wato bod, faifan da sauran kayan ke hawa kansa, samfurin B450, RAM DDR4 guda biyu masu giga 8 kowanne, katin hoto na hannu, ma'ajiyar SSD, da fawafak, wato akwatin da ke raba wa kayan wuta, mai wat 550. Yaron ya zauna ya haɗa tsaf. Aka danna maɓalli, fankoki suka tashi, fitilu suka kama, allo kuwa baƙi ƙirin.

Inda muka fara kai ta, mutumin ko sukudireba bai ɗauka ba. Ya leƙa ta gilashin gefe, ya ɗan shinshina, ya ce bod ya ƙone, wutar garin nan ce, a kawo kuɗin sabo. Kwamfutar da ko minti biyar ba ta yi a jone ba. Wannan magana ta "bod ya ƙone" ta zama abin bakin masu gyara da yawa, don ita ce ba ta buƙatar bincike, kuma ita ce ta fi kawo kuɗi.

Injiniya da tambaya ya fara. "Malam, kahin in taɓa ta, gaya man mi ta yi, mi ba ta yi ba." Fanka tana ci gaba da juyawa ko takan tashi ta tsaya? Ta taɓa nuna wani abu ko sau ɗaya? An ji ƙauri? Sannan ya juyo bayan kes ɗin ya duba inda aka cusa wayar HDMI mai kai hoto allo. Ya ce da yawa daga cikin masu kawo masa irin wannan matsalar a nan ake sallamarsu: furosesa 5600 ba shi da sashen hoto a cikinsa, a jerinsa sai mai harafin G bayan lambarsa, irin 5600G, don haka duk wanda ya jona allo a ramin madabod maimakon na katin hoto ba zai ga komai ba ko da komai lafiya yake. Ƙanena ya jona daidai. Injiniya ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce, "Kai ka haɗa wagga? Hannunka na da tsabta." Yaron har ya ɗan miƙe a tsaye.

Abin da ya nuna mana daga nan shi ne ya fi burge ni. A gefen bod ɗin, kusa da babbar wayar wuta, akwai wasu ƙananan fitilu huɗu a jere, an rubuta CPU, DRAM, VGA da BOOT a jikinsu da ƙananan baƙaƙe, wato furosesa, RAM, katin hoto da ma'ajiyar da kwamfuta ke tashi daga cikinta. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, bod yakan bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa, inda ya maƙale a nan fitila take tsayawa. Tamu ta farko ce ta tsaya, ja wur, ba ta motsawa. Ya ce wannan abu uku take nufi a mafi yawan lokuta: ko wuta ba ta isa furosesa, ko ƙafarsa ta lanƙwashe, ko kuma bod bai san shi ba. Ya bi su a jere, daga mai arha zuwa mai wahala.

Wuta bai daɗe a kanta ba. Ya danna babbar waya mai baki 24 ya tabbatar ta zauna, ya duba ƙaramar mai baki 8 da ke can saman bod, wadda ita ce take ciyar da furosesa. Ya ce ana yawan rikita ta da mai baki 8 ta katin hoto don sun yi kama, alhali tsarin wutarsu ba ɗaya ba ne. Ya zare fawafak ɗin, ya lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takardu ya haɗa koriyar waya da baƙa, fankarsa ta tashi, ya ɗora mita: layin bolt 12 ya nuna sha biyu da ɗigo ɗaya, na 5 da na 3.3 duk suna nan daram. Ƙa'idar ita ce kada su kauce da fiye da kashi 5 cikin ɗari. Duk da haka bai yarda ba, ya ce fawafak yakan yi kirki idan babu nauyi a kansa, ya jona nasa na shago. Fitilar ba ta canza ba.

Sai ya kwance bod ɗin gaba ɗaya ya ɗora shi a kan kwalinsa, ya ƙirga ƴan ƙarafunan da bod ke zama a kansu a cikin kes, don idan guda ya tsaya inda babu rami yakan taɓa bayan bod ya haɗa wuta. Ya cire batirin CR2032 ya ɗan jira ya mayar, ya bar RAM guda ɗaya a rami na biyu daga furosesa. Babu maɓalli yanzu, da bakin sukudireba ya taɓa ƴan fil biyu na kunnawa. Ja dai.

Wurin cire furosesan na matso kusa. Ya kwance notinan fankar, amma bai ja ta sama ba, sai da ya murza ta hagu da dama a hankali har man da ake shafawa tsakaninta da furosesa don ɗauke zafi ya saki. Ya ce a irin wannan mazauni na AM4, idan man ya kama aka fizgo fanka da ƙarfi, takan taho da furosesan manne a jikinta alhali makullin yana rufe, nan ne ƙafafu ke lanƙwashewa. Ƙafafun nan 1331 ne, sirara, a jikin furosesan suke ba a bod ba. Ya riƙe shi ta gefe da yatsa biyu, ya sa gilashin ƙara girma, yaron shagonsa ya haska masa da tocilan ɗin waya, ya riƙa karkata shi yana bin layi layi. Idan guda ta kauce, haske yakan nuna ta daban. Babu ko ɗaya.

"Ina kwalin bod ɗin?" Ya juya shi gaba da baya yana neman wata sitika da ake mannawa mai nuna cewa bod ya shirya karɓar Ryzen 5000. Babu ita. A nan ya zauna ya yi mana bayani, kuma daga baya na je na karanta na tarar haka abin yake. Samfurin B450 ya fito ne a 2018. Jerin Ryzen 5000 sai a Nuwamba 2020 ya shigo kasuwa, shi 5600 ɗin ma sai Afrilu 2022. Mazauninsu ɗaya, don haka furosesa zai zauna daram a gurbinsa, amma ƴar manhajar da ke cikin bod, wato BIOS, idan tsohuwa ce ba ta san shi ba. Injiniya ya ce kamar maigadi ne da aka ba tsohuwar takardar sunaye: ko ɗan masu gida ne ya zo, in sunansa ba ya ciki, ƙofa ba za ta buɗu ba. Hasali ma a watan Mayun 2020 kamfanin AMD ya fara cewa bod-bod na wannan zubin ba za su ɗauki sababbin furosesan ba, sai da masu saye suka yi ca a kansa sannan ya janye. Waɗanda aka ƙera daga baya suna zuwa da sabon BIOS, amma wanda ya daɗe a sito yana nan da tsohonsa. Namu sabo ne fil a leda, tsoho ne a ciki.

Wasu bod ɗin suna da maɓalli a baya da ake sabunta BIOS da shi ko babu furosesa, filas kawai ake cusawa. Namu mai arha ne, ba shi da shi. Mafita ɗaya ce: a samo tsohon furosesa da bod ya sani, a tashe shi da shi, a sabunta, sannan a mayar da sabon. A Turai da Amurka kamfanin ya taɓa yin tsarin ba da aron irin wannan furosesan ta gidan waya. A Kebbi kuwa durowar Injiniya ce. Ya ciro wani Athlon 200GE a cikin ƴar roba, an shimfiɗa masa soso, ya ce don wannan aikin kaɗai yake ajiye da shi kuma ba na sayarwa ba ne. Yana sa shi allo ya kawo haske, BIOS ya buɗe, ga shekarar 2019 rubuce a jikinsa.

Ya sauko da fayil daga shafin kamfanin da ya ƙera bod ɗin, bayan ya duba lambar samfurin da ke rubuce a jikin bod harafi da harafi, ya sa a filas da aka tsara da FAT32. Akwai wutar gari a lokacin, amma ya ƙi yi da ita, kuma batirin inbatarsa ya yi ƙasa, ya ce sai sola ta cika shi. Na ɗan nuna gajiya, ya ce, "Yallaɓai, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar wanga aiki, lokacin ne za ka ga bod da ya mutu da gaske." Ban ƙara magana ba. Mataki biyu ya yi, don bod ɗin sai an bi ta wani BIOS na tsakiya kafin a kai na ƙarshe. Da aka gama ya goge tsohon man da sifirit, ya ɗiga sabo a tsakiya, ya mayar da 5600. Aka kunna, allo ya yi shiru, fanka ta tsaya ta sake tashi, ƙanena ya kai hannu zai kashe, Injiniya ya riƙe masa wuyan hannu. Ya ce tashin farko bod yana gwada RAM ne, yakan ɗauki lokaci, a ƙyale shi. Can sai tambari ya bayyana.

Bai tsaya nan ba. RAM ɗin da muka biya kuɗin mai gudun 3200, a ƙasa da haka yake tafiya, sai da ya shiga BIOS ya kunna XMP, saitin da ke ba RAM cikakken gudunsa. Ya kunna fTPM, wani saitin tsaro, saboda Windows 11 ba ta shiga sai da shi, kuma ita za a sa tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Ya kuma ce kada in ajiye kes a ƙasa, kuma in riƙa hure ƙura lokacin hunturu, don zafin Afrilu a garin nan yakan haura digiri 40, ƴar fankar da ta zo da furosesan ba za ta iya da ƙura da zafi a haɗe ba.

Kuɗin aiki tun farko ya faɗa: naira 3,000 na dubawa ko an gyara ko ba a gyara ba, sauran sai an ga matsalar. Gaba ɗaya 10,000 na biya, bai sayar mini da ko noti ba a kan aikin. A ganina ya ci kuɗinsa.

Sai dai wurin yana da nasa. Shagon ƙunci gare shi, mutum biyu in sun shiga na uku sai benci a waje, kuma rana tana dukan bencin tun hantsi. Injiniya ba ya iya cewa a'a: yana tsakiyar aikinmu ɗalibi zai shigo da laftof yana kukan furojet, ya ajiye namu ya koma can, mai waya ya leƙo ya sake ajiyewa. Wanda ke sauri zai ƙulu. Waya ba ya ɗauka, sai dai ka tako. Rasit babu, sai da na nema ya yago takarda ya rubuta da biro. Yaransa kuma ba su ɗauko hankalinsa ba tukuna, na ga ɗaya ya ɗora katin hotona a kan darduma, sai da na yi magana ya ɗauke. Da za mu tafi ya tallata mini sitabilaiza, na tambaya a kasuwa na tarar nasa ya fi tsada, a can na saya.

Mai kayan na Legas da na kira shi cewa ya yi ai a takarda bod da furosesan sun dace. Gaskiya ne a takarda. Duk mai shirin haɗa B450 da Ryzen 5000, ya sa mai sayarwa ya turo masa hoton kwalin ya ga sitikar, ko ya sabunta BIOS tun can kafin a sa a mota, ko kuma ya nemi bod mai maɓallin baya. Wanda kuma zai kai wa Injiniya aiki ya tafi da kwalayen da ɗan littafin bod, ya je da safe kafin ɗalibai su fito, ranar Juma'a kuwa da wuri yake rufewa.

Ramin USB guda na gaban kes har yanzu ba ya aiki. Ya ce wayar kes ɗin ce ba bod ba, in kawo ya duba kyauta. Ina da bikin Jega da na Kalgo a hannu, sai na miƙa su tukuna.